Neman Sawun Kaka a Kafanchan

Shekara uku ke nan ina neman asalin kakan mahaifina, kuma abin da na samu bai wuce laƙabinsa da labarai uku masu karo da juna ba. Gwaggona ta ce bafatake ne da ya sauke kaya a Jama'a ya ƙi komawa. Wani baffana ya rantse cewa lebura ne da ya biyo aikin reluwe. Wata tsohuwa kuma ta ja ni gefe, ta rage murya, ta ce yaro ne da aka kamo daga kan dutse a zamanin harin bayi, aka sauya masa suna. Bara ta rasu, ban koma na ƙara tambayarta ba.

Kowanne daga cikin ukun na iya zama gaskiya, domin haka ƙasar take. Wajen 1810 Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a a Jama'ar Dororo, ƙarƙashin Zazzau, a tsakiyar ƙasar Kaninkon, Fantswam, Bajju da maƙwabtansu. An yi ciniki, an yi auratayya, an kuma yi hari. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da Jos a Kafanchan, sai garin ya cika da Ibo, Yarbawa, Hausawa da Nufawa, daga baya fadar sarki ma ta dawo nan. Mutum yakan iso da suna ɗaya, ya musulunta ko a yi masa baftisma, ya mutu da wani.

Takardu fa? Rahotannin Turawan mulki da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna sun damu da sarakuna, hakimai da yawan masu biyan haraji. Talaka adadi ne a cikinsu. Ga shi Jama'a ta zauna a lardin Nasarawa kafin a mayar da ita lardin Filato a 1926, don haka mai bincike sai ya bi fayil na larduna daban-daban. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya sai a 1979 ta fara fitowa. Abin da ya rage wa irinmu shi ne rasit ɗin haraji, wanda shi ma ya yanke lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin a 1979, sai littattafan baftisma na majami'un mishan irin na Kwoi da Kagoro, sai wasiƙun ajami a akwatin ƙarfe. Namu akwatin ya ƙone a rikicin bayan zaɓen 2011.

Nan ne hankalina ya tashi. A wannan yanki, tambayar "daga ina kakanka ya zo?" ita ke yanke wa mutum ko zai samu takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko gonar da yake nomawa tasa ce. Mun ga rikicin Kafanchan a 1987 da 1999, mun ga na Zangon Kataf a 1992. Kowace gobara tana cin shaidar da za ta nuna yadda jininmu ya cakuɗa, sai a bar matasa da taƙaitaccen labari mai gida biyu: ɗan ƙasa da baƙo. Iyalai kuma suna ɓoye kakar da ta fito daga ɗaya ɓangaren saboda kunya ko tsoro. A ganina wannan ɓoyon ya fi gobarar ɓarna, domin da hannunmu muke yin sa.

Ina roƙon masarautar Jama'a da masarautun Fantswam, Kaninkon da Kagoro, da limaman masallatai da majami'u, su haɗa kai da Gidan Arewa da jami'ar jihar Kaduna mai reshe a Kafanchan, a ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda a ajiye a kwamfuta. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsoho a gidanku, kunna wayarka yau ka zauna gabansa. Tambaye shi sunan mahaifiyar kakansa da ƙauyen da aka auro ta.