Kafin Ka Miƙa wa Yaro Mara Lafiya Wayarka

Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai ciwon sikila a cikin hunturun Katsina ya san irin daren da nake nufi. Iska na kaɗowa daga arewa, hazo ya lulluɓe gari, yaro kuwa na juyi a kan katifa yana kukan ƙafa ko gadon baya. An ba shi maganin da likita ya rubuta, an lulluɓe shi, an gasa masa jiki da ruwan ɗumi, amma ciwo ba ya sauka nan take. A irin wannan lokaci ne uwa ko uba ke zaro waya su miƙa masa, ko ya samu abin da zai ɗauke masa hankali. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ina so in nuna maka, ya kai mai karatu, cewa akwai abin da ya fi wayar dacewa da wannan aiki, kuma sau da yawa bai kai ta tsada ba.

Ina nufin ƙananan na'urorin gem na riƙewa a hannu, masu ɗauke da tsofaffin wasanni, waɗanda yanzu ake samu a wasu shagunan kayan waya, ko a yo odarsu daga Kano ko Legas. Idan ka haura shekara talatin, ka san kakanninsu: na'urar nan da ake jonawa da talabijin, a cusa mata kaset mai launin ɗorawa, yaran unguwa su cika ɗaki suna jiran layi. Asalinta na'urar Famicom ce da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, aka yi ta kwaikwayonta har ta iso garuruwanmu. Wasan Super Mario Bros. ya fito a 1985, Game Boy kuwa a 1989.

Na yanzu ba su da kaset. A cikinsu akwai wata manhajar kwaikwayo da ke sa ƙaramar kwamfuta ta yi aiki tamkar tsohuwar na'urar, har tsohon wasa ya gudana a kanta. Yawancin waɗannan manhajoji, irin su RetroArch, buɗaɗɗu ne: masana daga ƙasashe daban-daban ne suka rubuta su, suka bar su kyauta ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Wannan na daga cikin dalilan araharsu. Ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da aka fitar a Ingila a 2012 a kan dala 35, ana ɗora mata irin wannan manhaja ta zama na'urar gem. Ka dai sani cewa kyautar a kan manhajar ta tsaya. Yawancin tsofaffin wasannin har yau suna da masu haƙƙin mallaka.

To, mene ne ya haɗa wannan da lafiya? Ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar saƙonsa ta auna nauyinsa. Hankalin ɗan Adam kuwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Idan ya shagala da wani abu mai buƙatar ido da yatsu da tunani, rabon da ciwo ke samu yakan ragu. Ma'aikatan jinyar yara sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jan yaro da hira yayin allura. A Jami'ar Washington ta Amurka an ƙirƙiri wani wasan kwamfuta mai suna SnowWorld domin masu ƙunar wuta su shagala da shi yayin wanke rauni. A birnin Oxford na Ingila kuma, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gwada wasan Tetris a kan mutanen da aka kawo sashen gaggawa bayan haɗarin mota, aka tarar waɗanda suka buga shi sun samu sauƙin yawan faɗowar hoton haɗarin a ransu a makon da ya biyo baya. Wannan ba ya nufin gem magani ne. Abokin magani ne, mai rage wa majinyaci tsawon dare.

Kana iya cewa ai waya ma tana da gem. Gaskiya ne, amma waya ƙofa ce da ba ta da ƙyaure. Wasannin kyauta na cikinta cike suke da tallace-tallace, wasu na caca, wasu na abin da ba ka so ɗanka ya gani. An tsara da yawansu ta yadda ba su da ƙarshe, kullum suna kiran yaro ya dawo, ko ya sayi wani abu. Da taɓawa ɗaya ya bar gem ya faɗa TikTok. Ga cin data, ga cin cajin wayar da za ka buƙata in jiki ya rikice da tsakar dare kana neman mai Keke Napep. Tsohon gem kuwa ba ya buƙatar intanet, ba baƙon da zai yi wa yaro magana ta cikinsa, kuma yana da mataki-mataki da wurin tsayawa. Kana iya cewa, "In ka gama wannan matakin, sai ka ajiye ka sha ruwa," kuma maganar ta yi ma'ana.

Na san akwai iyayen da kalmar gem kaɗai ke tayar musu da hankali, domin sun ga yaran da gidajen gem na unguwa suka raba da boko da Islamiyya. Tsoronsu yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem a cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a 2022. Amma duba yadda ta bayyana ta: mutum ya kasa iya tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma hakan ya ɗore kimanin wata 12. Yaron da ya buga rabin awa a gadon jinya, uwarsa na gefensa, bai kama hanyar wannan ba. Abin da ke raba su shi ne ƙa'ida, kuma a hannunka take.

Ta farko, shekaru. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon na'ura, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Wannan na'ura ta ɗan makaranta ce, ba ta goyo ba.

Ta biyu, kada wasa ya rufe maka ido. Shirun yaro ba shi ne sauƙi ba. Idan mai sikila ya yi zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko numfashinsa ya yi wuya, ko ya ɗashe farat ɗaya, ko cikinsa ya kumbura, ko wani ɓarin jikinsa ya saki, ko ciwon ya ƙi jin maganin gida, to a ajiye komai a nufi asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, duk wanda ya fi kusa. Ka kuma ajiye masa ruwa kusa da hannu, domin mai wasa yakan manta da ƙishirwa, ƙarancin ruwa kuwa na daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwo.

Ta uku, farfaɗiya. Kaɗan daga cikin masu ita, kimanin 3 cikin 100, walƙiyar haske na tayar musu da ciwon. A watan Disambar 1997, sama da yara 600 aka kai asibiti a Japan bayan kallon wani shirin Pokémon mai walƙiya a talabijin. Wasu tsofaffin wasanni suna da irin wannan walƙiya. In ɗanka na da farfaɗiya, nemi shawarar likitansa tukuna. In ka ga yaro ya ƙame, ko idonsa ya kafe, ko jikinsa na fizga yayin wasa, kashe na'urar, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa komai a baki.

Ta huɗu, ido da barci. Allon ƙarami ne, don haka a buga a cikin haske, kuma bayan kowane minti 20 yaro ya ɗaga kai ya kalli nesa. Yawan ƙura ido kusa tare da ƙarancin fita waje na da alaƙa da raunin hangen nesa, saboda haka in ya warware, a bar shi ya koma wasa da tsaransa a waje. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. In ba daren ciwo ba, na'ura ta kwana a ɗakinka.

Ta biyar, batir. Na'urori masu araha sukan zo da batir mara inganci, zafin bazarar Katsina kuwa yakan haura digiri 40. Kada a bar ta a rana, kada a yi caji a ƙarƙashin filo, kuma in bayanta ya kumbura a daina amfani da ita. Kafin ka miƙa ta, zauna ka duba wasannin ciki, ka sa mai gyaran waya ya goge na zubar da jini.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurina. Yaron da ke yawan kwanciya jinya yana rasa abubuwa da dama: aji, ƙwallo, hawan sallah, wani lokaci har abokai. Yakan ji kamar shi kaɗai aka bari a baya. Idan ka zauna a bakin gadonsa kuka karɓi na'urar bi-da-bi, ya ga yadda yatsunka suka manta abin da suka iya a da, ya yi maka dariya, ka ba shi abin da babu kantin maganin da ke sayar da shi. Kada ka miƙa masa ka fice. Zauna, ka ce ya koya maka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.