Kukan Bashin Gida Ba Ya Bukatar Dillali

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun waɗanda suka ci bashin banki domin mallakar gida a Madalla, sai su yi hattara. Wanda aka ɓoye wa ainihin kuɗin ruwa yana da haƙƙin kai kuka, amma dillalin da ke alkawarin ƙwato masa kuɗinsa, la'adarsa yake nema.

Hanya a fili take. Ya fara rubuta wa bankinsa. In ba a share masa hawaye ba, ya garzaya Babban Bankin Nijeriya, ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a wadda aka kafa a 1975. Ba a biyan ko kwabo.

Takardar mallakar gida kuwa, ita ce gidan. Kada a damƙa wa dillali ita.