Wa ke auna mudun masu awo?

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke neman rance a banki, da ma'aikacin lanho da ke duba takardun wani kamfani a Yamai, dukansu abu ɗaya suka dogara da shi: sa hannun kwantabul a ƙasan bilan. Wannan sa hannu shi ne mudun da ake auna dukiya da shi. In mudun ya lotsa, banki ya ba da bashin da ba zai dawo ba, baitulmali ya rasa haƙƙinsa, albashi kuwa ya makara. Waɗanda suka ga rushewar bankin BDRN a 1990, bayan basussukan da aka rarraba suka maƙale, ba sa bukatar dogon bayani.

A 1997 ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta da kowace ta kafa majalisar ƙwararrun masu lissafi, Nijar kuwa ta kafa tata, wato ONECCA, da dokar 2003. Tsarin a takarda ba shi da laifi: akwai babban taron mambobi, akwai majalisar gudanarwa, akwai kwamitin da ke riƙe da jerin sunayen waɗanda aka yarda su yi aikin, akwai kwamitin ladabtarwa, ga kuma ministan kuɗi da ke sa ido ta hannun wakilinsa. To amma yawan kwamitoci bai taɓa kama ɓarawo ba. Ƙwararrun ba su da yawa, galibinsu suna zaune Yamai, sun yi makaranta tare, suna haɗuwa wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa, kuma kasuwa ɗaya suke takara a cikinta. Wanda aka ɗora wa binciken abokin aikinsa, ko dai kunya ta rufe masa baki, ko kuwa hassada ta buɗe shi fiye da kima. Duka biyun ɓarna ce.

Nauyin da doka ta aza musu ba ƙarami ba ne. Dokar kamfanoni ta OHADA ta tilasta wa kowane babban kamfani mai hannun jari ya naɗa mai binciken asusu, wa'adinsa shekara 6. Ko matsakaicin kamfani irin na SARL, in ya cika biyu cikin sharuɗɗa uku, wato dukiya sama da miliyan 125 na sefa, ciniki sama da miliyan 250 a shekara, ko ma'aikata fiye da 50, ba shi da mafita. Mai binciken kuma wajibi ne ya sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati duk laifin da ya gano. Sai dai kamfanin da yake bincike shi ne ke biyansa. Mutumin da abincinsa ke hannun wanda zai tona, in babu wani bisa kansa da yake shakka, me zai hana shi kau da kai?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Amurka, masu lissafi sun daɗe suna binciken junansu, har kamfanin Enron ya durƙushe a 2001, ya tafi da Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan gidajen bincike biyar na duniya. A 2002 majalisar ƙasar ta karɓe sandar daga hannunsu, ta kafa hukumar PCAOB mai mambobi 5, inda biyu kacal ne ƴan sana'ar. A Afirka ta Kudu, bankin VBS ya rushe a 2018 bayan an wawushe kusan rand miliyar 2, alhali kuwa KPMG ya riga ya sa hannu a kan lissafinsa. A watan Janairu na 2021 ministan kuɗi Tito Mboweni ya rusa majalisar gudanarwar IRBA, hukumar da ke sa ido kan masu binciken su kansu. Ƙasashen da suka fi Nijar kuɗi da ƙwararru ke nan.

Masu kare tsarin cikin gida suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in gwamnati ta shigo siyasa za ta shigo. Tsoron siyasa gaskiya ne, gama an ga yadda ake raba muƙamai bisa katin jam'iyya. Amma sirrin sana'a an yi shi ne domin kare abokin hulɗa, ba domin rufa asirin wanda ya ci amana ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. A bai wa alƙalai da wakilan ƴan kasuwa rinjaye a kwamitin ladabtarwa. A hana mutum ɗaya zama cikin majalisar gudanarwa da kwamitin da ke hukunci a lokaci guda, a kuma ƙayyade wa'adin kowa. Kowace shekara a buga a jarida yawan ƙorafin da aka karɓa, da waɗanda aka yanke, da sunan duk wanda aka dakatar ko aka soke. A kuma kai wa asusun majalisar kanta mai bincike daga waje. Tun 2017 OHADA ta wajabta duba ingancin aikin ofisoshin bincike. Haƙƙin jama'a ne su san ofis nawa aka duba da abin da aka tarar.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kwantabul mai gaskiya shi ne farkon wanda zai ci ribar wannan gyara, domin muddin ba a tona marar gaskiya ba, sa hannunsu kuɗi ɗaya ne a idon banki.