Kafin Ka Yarda a Yi wa Kwamfutarka Fomatin



Saura mako uku in miƙa furojet ɗina kwamfutata ta ƙi tashi. Babi huɗu na ciki, tare da amsoshin takardun tambayoyin da na sha rana ina raba wa 'yan kasuwa a Kantin Kwari, kuma ba ni da kwafin ko shafi ɗaya a wani wuri. Na ɗauki biro ne saboda na san a kowane zango sai wani a makarantar nan ya shiga irin wannan halin, kuma yawancinsu suna rasa aikinsu ne a shagon mai gyara, bayan Allah Ya riga Ya tsare musu shi.

Laftof ɗina 'yar gwanjo ce, irin wadda galibinmu muke riƙe da ita, batirinta ba ya wuce minti ashirin. Wani dare a gidanmu a Fagge ta nuna min akwai babbar sabuntawa ta Windows, abin nan da muke ce wa ofdet. Ga wuta an kawo, sai na ce bari in ci moriyar damar. Na danna, ta fara, ta rubuta min ɓaro-ɓaro cewa kada a kashe ta. Tana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Ina zaune ina kallon batiri yana sauka har fuskarta ta yi baƙi. Da safe na kunna, sai tambarin kamfani ya fito, 'yan ɗigo-ɗigon nan suka yi ta zagaye, sai shuɗin shafi, sai ta mutu ta sake farawa. Haka ta yi ta yi har azahar.

Na rungume ta sai Titin Beirut. Mai gyaran farko ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce, "Ɗan makaranta, wannan Windows ɗin ya tashi aiki. Fomatin za a yi, ka dawo nan da awa ɗaya." Na ce, "Maigida, aikina da ke ciki fa?" Ya ce, "Ai sai haƙuri, tunda ba ta hawa." Na biyu ma abin da ya faɗa ke nan, har da yi min ragi. Wallahi saura kaɗan in amince, don cikina ya riga ya ɗuri ruwa. Wani ɗan ajinmu ne ya hana ni ta waya, ya ce in fara gwada wani dattijo a Sabon Gari, wajen Titin Faransa.

Mutumin ɗan kudu ne, amma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Tambayar da ya fara yi min ita ce, "Yarona, me ke cikinta da ba ka so ka rasa?" Da na gaya masa, sai ya kifa ta, ya kwance notinan bayanta, ya zaro faifan ajiya, ya sa shi cikin wani ɗan akwati mai wayar USB, ya jona a tasa kwamfutar. Sai ga fayilolina reras, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Sai da ya kwashe min su a filash ya danƙa min a hannu, sannan ya mai da faifan ya fara neman abin da ya hana ta tashi. Bai yi fomatin ba. Ya shiga shafin gyara na Windows ya cire sabuntawar da ta tsaya rabi da rabi, kwamfuta ta hau. Ya caje ni fiye da na Titin Beirut, na biya ina godiya.

Ra'ayina a nan shi ne: fomatin ya zama mataki na ƙarshe, kuma kada ɗalibi ya yarda da shi sai aikinsa na hannunsa. Ga dalili. Idan ka danna maɓallin kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja ce da ke jikin allon injin, wadda ake kira BIOS ko UEFI a sababbi, take fara farkawa. Ita ke neman wasu 'yan fayilolin tayarwa a kan faifai, su kuma su ɗago Windows. Lokacin sabuntawa ana cire tsofaffin fayilolin tsarin ana dasa sababbi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a tashi rabi tsoho rabi sabo, shi ya sa take rikicewa. Amma babin da ka rubuta da hotunanka suna wani ɓangaren daban, yawanci babu abin da ya taɓa su. Kamar ɗan Kwari ne makullinsa ya karye a cikin kwaɗo. Atamfofinsa na nan a shago. Wane mai hankali zai yarda a kwashe kayan a zubar don a sa masa sabon kwaɗo? To, abin da fomatin yake yi ke nan.

Akwai abubuwan da kai kanka za ka iya gwadawa kafin ka hau adaidaita. Cire duk abin da ke jone da ita, filash ne ko wayar caji ta salula, don wani lokaci kwamfutar tana ƙoƙarin tashi ne daga can. In ba ta hau ba, kunna ta, da zarar tambari ya fito ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Ka maimaita sau biyu ko uku a jere, Windows zai kai ka shafin gyara da kansa. A can akwai Startup Repair mai gyara fayilolin tayarwa, akwai kuma Uninstall Updates mai cire sabuntawar ƙarshe, wanda shi ne ya cece ni. In babbar sabuntawa ce, Windows yakan ajiye tsohon tsarinka na kwana 10 don ka iya komawa, saboda haka kada ka jefa ta ƙarƙashin gado sai bayan jarrabawa. In duk wannan ya faskara, wani zai iya tayar da ita da filash mai ɗauke da Ubuntu ba tare da an ɗora shi a kan faifai ba, a kwashe fayiloli, ko a ciro faifan kamar yadda aka yi min.

Hattara da abu biyu. Wasu kwamfutocin faifansu a kulle yake da BitLocker, ba ya buɗuwa a wani inji sai da lambar sirri mai alƙaluma 48, wadda galibi take ajiye a asusunka na Microsoft. Ka neme ta yau ka rubuta a takarda, tun kana da lafiyar kwamfuta. Na biyu, in har an riga an yi maka fomatin, daina amfani da ita nan take, don duk abin da ka ɗora yana hawa ne kan gurbin tsohon aikinka. A tsohon faifai mai juyawa akan iya ceto wani abu. A sabon nan na SSD kuwa, da wuya.

Ban ce masu gyara azzalumai ba ne. Ka tsaya a Titin Beirut na awa ɗaya ka ga yadda mutum ɗaya yake fama da kwastoma biyar, ga kuɗin haya, ga man janareto. Fomatin aiki ne da ya san farkonsa da ƙarshensa, binciken cuta kuwa yana iya cinye masa yini. Mu ɗin ma da laifinmu. Mukan zo a gigice muna cewa "yau nake so," kuma in an ce mu biya kuɗin dubawa sai mu ce ai ba a gyara komai ba. Wanda ba ya son biyan kuɗin bincike, to maganin da ya fi sauri za a ba shi. Amma duk da wannan uzurin, mai gyaran da ya ce wa mutum aikinsa ya tafi alhali bai duba ba, ya faɗi abin da bai sani ba a kan amanar da aka kawo masa. Abin da nake roƙo bai fi tambaya ɗaya ba, irin wadda dattijon nan ya yi min. Kai kuma da ka kai gyara, ka tsaya a wurin lokacin da ake kwashe kayanka, musamman 'yan uwanmu mata, don faifai ba furojet kaɗai yake ɗauke da shi ba.

Da na ba da labarin nan a aji, wasu suka ce ai su shi ya sa suka kashe sabuntawa gaba ɗaya. Wannan ma ban yarda da shi ba. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Maganin ƙofar da ta bi ta shiga ya fito tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ta fi kamawa. Mu da filash ɗinmu yake yawo daga shagon buga takardu zuwa kwamfutar aboki, mun fi kowa bukatar wannan kariyar. Haka kuma ba talaka mai 'yar gwanjo kaɗai sabuntawa take kayarwa ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Yadda aka gyara su shi ne a shiga kowace a goge fayil ɗaya da ya kawo rikicin. Ba a share faifansu ba.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa yanzu. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, don haka kowa yana rububin komawa Windows 11. Shi kuwa 11 ɗin yana da sharuɗɗa: yana son na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama yake karɓa. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke jakunkunanmu sun girmi haka. Akwai masu dabarar cusa shi da ƙarfi, kuma yakan hau, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. In za ka yi, yi da saninka, kuma ba a makon miƙa furojet ba.

A ƙarshe ina da kira ga shugabannin ƙungiyarmu. Mu fa 'yan foli ne, makarantar koyon aiki da hannu. Abin kunya ne a ce muna da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, waɗanda wasunsu ma a shagunan gyaran nan suke yin SIWES, amma ɗan sashen akanta ya rasa wanda zai ce masa "tsaya, kada ka yi fomatin." Me zai hana ƙungiya ta ware teburi ɗaya, rana ɗaya a mako, ko da a zangon furojet kaɗai? Kayan aikin ba su da yawa: filash biyu ko uku, ɗan akwatin jona faifai, sukudireba, da wurin caji. Su su samu ƙwarewa, mu mu tsira da aikinmu. Kuɗin bai kai na kujerun da ake haya a bikin makon ɗalibai ba.

Kafin a kai ga haka, kowa ya taimaki kansa. Duk daren da ka gama rubutu, tura wa kanka fayil ɗin ta imel, ko ka ɗora a Google Drive da ke ba da gigabait 15 kyauta. Kada ka fara sabuntawa sai kana da tabbacin wutar da za ta kai ka ƙarshe, kuma kwafin aikinka na wani wuri. Ni gemuna ya riga ya kama da wuta, saura ku shafa wa naku ruwa.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya.