Ilimin da aka tono a Dakoro, wa ke da ikon karanta shi?

Duk wanda ya zauna a Dakoro ya san baƙin nan masu zuwa da mota da littafin rubutu. Su bi kwarin Tarka suna ƙidayar rijiyoyi da burtali, su shiga dajin Gadabeji suna duba ciyawa, su zauna da makiyaya suna tambaya. Talaka ya ba su ruwa, ya ba su amsa. Bayan shekara biyu ko uku sakamakon ya fito cikin wata mujallar masana a Turai ko Amurka. To, malamin gona ko na dabbobi da ke aiki a nan, idan ya nemi karanta shi, sau da yawa sai a ce ya biya.

Ga yadda cinikin yake. Masani shi ke yin bincike, yawanci da kuɗin gwamnati. Ya miƙa rubutunsa ba a biya shi ba. 'Yan uwansa masana su tace shi, su ma kyauta. Sa'an nan manyan kamfanoni irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley su sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'i. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kuma sun fi son sayar da mujallu a dunƙule, ɗaruruwa ko dubbai cikin ƙunshi guda, kamar a ce wa mai neman tiya ɗaya ta gero sai ya sayi rumbu. Farashin ma ba ɗaya ba ne: kowace jami'a da nata, kuma akan sa sharaɗin kada ta faɗa wa wata abin da ta biya. Har Jami'ar Kaliforniya, duk da arzikinta, ta yanke ciniki da Elsevier a 2019, ba su shirya ba sai 2021.

Da kuka ya yi yawa, sai aka fito da sabon salo: a buɗe karatu ga kowa, amma mai rubutu ya biya. Jamus ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Wiley a 2019, a kan yuro 2,750 kowace maƙala. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a 2021, wato sama da sefa miliyan 6. Wane malami ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai fid da wannan daga aljihunsa? Alhali hukumar CAMES ba ta ƙara masa girma sai ya nuna abin da ya buga. An cire shingen daga ƙofar mai karatu, an kafa shi a ƙofar mai rubutu.

Gaskiya ne ana yi wa ƙasashe irin tamu rangwame, wani lokaci a yafe kuɗin ɗungum. Akwai kuma shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, da AGORA na FAO tun 2003, masu buɗe wa makarantunmu da asibitocinmu dubban mujallu kyauta. Mun gode. Amma kayan aro ba ya rufe katara: a 2011 wasu kamfanoni sun janye mujallunsu daga Bangaladash, sai da masana suka yi ca sa'an nan aka mayar. Ban da haka, sai ma'aikata ta yi rajista, sai ga lantarki da intanet, abin da ma'aikacin Kornaka ko Barmo bai cika samu ba.

A ganina magani yana hannunmu. Hukumar da ke ba da izinin bincike ta sa sharaɗi: duk wanda ya yi aiki a ƙasar Nijar ya ajiye kwafin rubutunsa a ma'ajiyar ƙasa da kowa zai iya buɗewa, tare da taƙaitawa cikin Faransanci da harshen mutanen wurin. Mu masu aikin fassara a shirye muke. Jami'o'inmu kuma, daga Yamai har Damagaram, su haɗa kai su yi ciniki da baki ɗaya, kamar yadda na Faransa ke yi ta ƙungiyar Couperin. Sa'an nan a ware kuɗi ga mujallunmu na gida, irin Mu Ƙara Sani ta cibiyar IRSH, domin su riƙa fita a kan lokaci, kuma kwafinsu ya iso har Dakoro.