SHARHI: Motar Da Aka Janye A Amurka, Wa Zai Sanar Da Mai Ita A Nijeriya?

Idan ba a manta ba, a watan Satumba na shekarar 2015 ne kamfanin ƙera motoci na Hyundai na ƙasar Koriya ta Kudu ya ba da sanarwar janye motoci ƙirar Sonata kimanin dubu 470, samfurin 2011 da 2012, daga hannun masu su a Amurka domin a duba injinansu. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, a masana'antarsa da ke jihar Alabama an bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin hanyoyin da baƙin mai ke bi a cikin injin. Idan ɓurɓushin ya tare hanya, sassan da ke juyawa sai su rasa mai, su cinye juna, injin ya fara ƙwanƙwasa, daga bisani ya tsaya cak mota tana cikin tafiya. Wani lokaci ma ƙarfen da ya karye kan huda jikin injin, mai ya zuba a kan wuri mai zafi, wuta ta tashi.

Al'amarin bai tsaya nan ba. A shekarar 2017, Hyundai da ɗan'uwansa Kia suka ƙara janye motoci sama da miliyan 1 masu irin wannan injin da ake kira Theta II, waɗanda suka haɗa da Sonata da Santa Fe Sport da Optima da Sorento da Sportage. Hukumar kula da lafiyar motoci a kan manyan hanyoyi ta Amurka ta binciki lamarin, ta kuma ga cewa an yi jan ƙafa wajen janye motocin. A watan Nuwamba na 2020 kamfanonin biyu suka amince da hukuncin da jimillarsa ta kai dala miliyan 210. Injiniyan kamfanin da ya kai wa hukumar rahoto, Mista Kim Gwang-ho, an ba shi tukuicin dala miliyan 24 a shekarar 2021. Bugu da ƙari, a watan Satumba na 2023 kamfanonin suka sake janye motoci sama da miliyan 3, a wannan karon saboda man birki na iya yoyo a cikin wata na'ura da ke ɗakin injin ya haddasa gobara, har aka shawarci masu motocin da su riƙa ajiye su a fili, nesa da gidaje, kafin a gyara.

Ba manufar wannan sharhi ba ce a ɓata sunan wani kamfani. Janye mota ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Kamfanin Ford ya janye motoci sama da miliyan 8 a shekarar 1996 saboda makunnin injin da ke iya kamawa da wuta, haka kuma BMW ya janye kimanin miliyan 1.6 a faɗin duniya a shekarar 2018, bayan motocinsa masu amfani da man dizal sun yi ta ƙonewa a titunan Koriya ta Kudu. Kamfanin da ya fito ya amsa laifinsa, ya ɗauki nauyin gyara, ya fi wanda ya yi gum da bakinsa mutunci nesa ba kusa ba. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da ba kasafai ake yin ta ba: idan an aika wa mai mota takardar gargaɗi a Amurka, alhali motar tana Legas ko Kano ko Onica, wa zai karanta takardar?

Tsarin janye mota a Amurka ya dogara ne kacokan a kan rajista. Kamfani yana samo sunan mai mota da adireshinsa daga kundin rajistar jihohi, ya aika masa wasiƙa, shi kuma ya kai motar wurin wakilin kamfanin a gyara masa kyauta. Da zarar an sayar da motar a gwanjo, an loda ta a jirgin ruwa zuwa Apapa ko Tin Can ko Kwatano, igiyar ta tsinke. Wani abin lura kuma, dokar tarayyar Amurka ta haramta sayar da sabuwar motar da aka janye ba tare da an gyara ta ba, amma ba ta ɗora wannan sharaɗi a kan dillalan tsofaffin motoci ba. Ma'ana, motar da ke ɗauke da cutarta tana iya wucewa daga hannu zuwa hannu har ta iso gare mu, babu wanda ya karya doka a hanya.

Kuma ba ƙaramin ciniki ake magana a kai ba. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 nahiyar Afirka suka nufa. Kowa ya san Nijeriya na sahun gaba a wannan kasuwa. Sonata da Elantra da Sorento na waɗancan shekarun su ne dai ake gani a jere a wuraren sayar da tokumbo, su ne ma'aikaci ke tara albashi ya saya, su ne ɗan kasuwa ke zubawa a harkar haya.

Dillalai za su ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancensu, ribar da ke cikin sana'ar ta ragu ƙwarai saboda tsadar dala da harajin kwastan, sannan ko sun gano cewa an janye mota, babu tabbacin wani zai gyara ta kyauta a nan. Za su ƙara da cewa yawancin motocin da ke ƙonewa a titunanmu, haɗin wayoyi na ganganci da rashin kula ne sanadi. Mun ji. Amma kasancewar gida yana da ƙofofi da yawa da ɓarawo zai iya shiga, ba hujja ba ce ta barin wadda aka sani a buɗe. Sa'annan binciken da muke kira a yi ba ya cin ko kwabo. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, hukumar ta Amurka kuwa tana da shafi a intanet inda kowa zai iya shigar da lambar ya ga ko akwai gyaran da ake bin motar bashi. Mai shigo da mota da ya yi wannan bincike tun tana can, yana da damar sa wakilinsa ya kai ta a gyara kafin a loda ta, ko ya nemi ragi, ko ya fasa sayen gaba ɗaya.

A nan ne lissafin kasuwanci ya haɗu da amana. Addini da al'ada duk sun hana ɓoye aibin haja. Dillalin da ya miƙa wa mai saye takardar da ke nuna an duba motar kuma an gyara, ya sayi amincewar da talla ba za ta saya masa ba. Wanda kuwa motarsa ta kama da wuta a garejin mai saye cikin dare, kusa da ɗakin da yara ke barci, to ya yi asarar abin da ya fi ribar mota goma. Haka su ma bankunan da ke ba da rancen sayen motoci, da kamfanonin inshora, da masu tarin motocin haya, dukiyarsu ce ke kan hanya, don haka su ya fi kamata su fara neman wannan shaida kafin su sa hannu.

Ita ma gwamnati tana da nata kason. Tun shekarar 2022 Hukumar Kwastan ta fara amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su. Lambar da ta isa a karɓi kuɗi da ita, ai ta isa a kare rai da ita. Babu abin da zai hana a haɗa binciken janyewa da na haraji a tashar jiragen ruwa, a rubuta sakamakon a takardun motar. Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, ya dace ta zauna da wakilan kamfanonin motoci da ke ƙasar nan a cimma matsaya kan yadda za a riƙa gyara irin waɗannan motoci, ko da a kan farashi mai rangwame ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta riƙa sanar da jama'a ta gidajen rediyo, cikin harsunan da suke ji, duk lokacin da aka janye wata ƙirar da ta yawaita a titunanmu.

Kafin hukumomi su motsa, muna kira ga duk mai mota da ya duba lambar shasinsa a yau, ya kuma ɗauki ƙwanƙwasar injin ko warin ƙuna ko yoyon mai da muhimmanci, kada ya bari sai gobe. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon kuwa, gemun da ya kama a can, shi ne aka yo mana safararsa zuwa nan.