Gawayin Njamena da Bishiyar Tsibirin Sant Helena

A 1994 iccen ƙarshe na wani nau'i da ake kira zaitun da ya rage a dajin Sant Helena, tsibirin da aka tsare Napoleon, ya bushe. Masana sun yi ta renon dashensa, amma a 2003 na ƙarshe ya mutu, furensa mai ruwan hoda ya ƙare a duniya. Sare daji da awakin da Turawan Fotugal suka sako ne suka fara karya shi.

Njamena ma ta san gatari da akuya. A ƙarshen 2008 gwamnatin Chadi ta Idriss Déby ta hana gawayi don ceton itatuwa. Manufar ta yi daidai, hanyar ce ta yi gaggawa: iskar gas ta fi ƙarfin talaka, har wasu magidanta suka koma girki da kashin shanu.

Mai neman abin dafa tuwo ba ya jin dokar hani. Hukumomin Chadi su sauƙaƙa farashin gas, su kuma cika gandun reno da aduwa, gawo da bagaruwa, ba dogon yaro kaɗai ba.